Zaɓen Gwamnan Kaduna na 1979: Kujerar da Aka Ci da Ƙuri'ar Aro

Ranar Asabar 21 ga watan Yulin 1979, mutanen tsohuwar Jihar Kaduna suka fita suka zaɓi 'yan majalisar dokokin jiha, suka ba jam'iyyar NPN kujera 64 daga cikin 99. Da Asabar ta zagayo, ranar 28 ga wata, mutanen nan dai, a rumfunan nan dai, suka ƙi ɗan takarar gwamna na NPN, Alhaji Lawal Kaita, suka ɗauki Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP, jam'iyyar da kujera 16 kacal ta tsira da su mako guda kafin nan. A jihohi 19 da ake da su a lokacin, Kaduna kaɗai ce gwamna ya fito daga jam'iyya ɗaya, rinjayen majalisa kuma yana hannun babbar abokiyar hamayyarsa.

Abin da mutane suka fi riƙewa shi ne ƙarshen labarin: ranar 23 ga Yunin 1981 majalisar ta tsige Balarabe, ya zama zaɓaɓɓen gwamna na farko da aka tsige a Najeriya. Sai dai wanda duk ya zauna ya dubi alƙaluma zai ga cewa tun ran gini tun ran zane. An rubuta tsigewar ne a sakamakon 21 ga Yuli, tun ba a kaɗa wa gwamna ƙuri'a ko ɗaya ba. Tambaya biyu ce ke buƙatar amsa. Yaya aka yi jam'iyya mai kujera 16 ta ci gwamna? Kuma me ya sa wannan nasara ta kasa kare kanta?

Da farko a san filin da aka yi kokawar. Jihar Kaduna ta lokacin ta haɗa Lardin Katsina da Lardin Zariya, domin sai a watan Satumban 1987 aka cire Katsina ta zama jiha. Ƙananan hukumomi 14 ne, bakwai a kowane ɓangare. Ta Katsina akwai Katsina, Daura, Mani, Dutsin-Ma, Kankiya, Malumfashi da Funtuwa. Ta Zariya akwai Zariya, Ikara, Saminaka, Kachiya, Jama'a, Birnin Gwari da Kaduna. Jihar na da kujera 33 a Majalisar Wakilai ta tarayya, kuma kundin tsarin mulkin 1979 ya ce majalisar jiha ta zama ninki uku na wannan adadi. Daga nan 99 ta fito.

Sojoji ƙarƙashin Janar Obasanjo sun ɗage takunkumin siyasa a Satumban 1978, hukumar zaɓe ta FEDECO, wadda Cif Michael Ani ke shugabanta, ta yi wa jam'iyyu biyar rajista: NPN, UPN, NPP, GNPP da PRP. Babu takarar ƙashin kai, dole sai da jam'iyya. Mai zaɓe alama yake bi: gida da masara na NPN, mabuɗi na PRP, zakara da bishiyar kwakwa na GNPP. A dandali kuwa idan an ce "NPN" a amsa "Aminci", idan an ce "PRP" a amsa "Nasara". Wannan ne kuma karon farko da matan Arewa suka kaɗa ƙuri'a a babban zaɓe na ƙasa.

Abu mafi muhimmanci a tsarin FEDECO shi ne jerin ranakun. Zaɓe biyar aka yi, ɗaya bayan ɗaya: Majalisar Dattawa ranar 7 ga Yuli, Majalisar Wakilai ranar 14, majalisun jihohi ranar 21, gwamnoni ranar 28, sai shugaban ƙasa ranar 11 ga Agusta. Ma'ana kafin a zo zaɓen gwamna, kowace jam'iyya ta riga ta auna nauyinta har sau uku, ta san inda take da jama'a da inda hayaniya ce kawai. A Kaduna ma'aunin bai ɓoye komai ba. A kujerun sanata biyar, NPN ta ci uku, PRP biyu. A kujerun wakilai 33, NPN ta ci 19, PRP 10, sauran huɗun suka rabu tsakanin ƙananan jam'iyyu. A majalisar jiha, bayan 64 na NPN da 16 na PRP, GNPP ta sami 10, NPP 6, UPN 3.

Mai kallon wannan jeri zai ɗauka NPN ce ke da kashi biyu bisa uku na mutanen jihar. Ba haka ba ne, kuma a nan gizo ke saƙa. Zaɓen ɗan majalisa mazaɓa-mazaɓa ake yi, wanda ya fi kowa ƙuri'a ya ɗauke kujera, ko da waɗanda suka ƙi shi sun fi waɗanda suka so shi yawa. A ɗauki misalin mazaɓa mai ƙuri'a dubu goma. Ɗan NPN ya sami dubu huɗu, ɗan PRP dubu uku, ɗan GNPP dubu biyu, NPP da UPN suka raba dubu ɗaya. Kujera ta NPN ce, alhali mutum shida cikin goma ba su zaɓe ta ba. Idan hakan ta maimaitu a mazaɓu da yawa, sai jam'iyyar da ba ta kai rabin jama'a ba ta wayi gari da kusan kashi 65 cikin ɗari na kujeru.

Zaɓen gwamna kuwa jihar gaba ɗaya mazaɓa guda ce. Ƙuri'ar da aka kaɗa wa PRP a ƙauyen da NPN ke da ƙarfi ba ta faɗi ƙasa banza ba, ana tara ta a haɗa da ta Zariya da ta Funtuwa da ta Kafancan. Saboda haka duk abin da ake buƙata domin a kayar da NPN shi ne masu adawa da ita su daina rarraba ƙuri'arsu na rana ɗaya.

Abin da ya faru ke nan. Balarabe ya sami ƙuri'a kimanin dubu 560, Lawal Kaita kimanin dubu 551, wato kusan kashi 45 da kashi 44 cikin ɗari. Tazarar ba ta wuce dubu tara ba a zaɓen da aka kaɗa ƙuri'a sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Hujjar cewa ƙuri'ar aro ce ta fito fili bayan mako biyu, a zaɓen shugaban ƙasa, lokacin da kowa ya koma gidansa. A Jihar Kaduna Alhaji Shehu Shagari na NPN ya sami 596,302, kimanin kashi 43. Malam Aminu Kano na PRP ya sami 437,771, ƙasa kaɗan da kashi 32. Alhaji Waziri Ibrahim na GNPP ya sami 190,936, kusan kashi 14. Cif Awolowo ya sami 92,382, Dokta Azikiwe 65,321.

A lura da abu biyu. NPN ba ta motsa ba: kashi 44 a zaɓen gwamna, kashi 43 a na shugaban ƙasa. Ke nan ba guduwa mutanenta suka yi daga Lawal Kaita ba, ko da akwai masu ƙorafi a cikin gida. PRP ce ta hau daga inda take zuwa 45, sannan ta sauko 32. Wannan gibi na kashi 13 shi ne abin da aka ara mata, kuma ya yi kusan daidai da nauyin GNPP a jihar, ko da yake alƙaluma kaɗai ba za su nuna wane ne ya dangwala wa wa ba, kuma akwai rabon magoya bayan UPN da NPP a ciki.

Me ya sa aron ya zo da sauƙi? GNPP a Kaduna ba baƙuwar PRP ba ce. Tsofaffin 'yan NEPU, tsohuwar jam'iyyar Malam Aminu Kano, da dama sun bi Waziri Ibrahim da takensa na "siyasa ba da gaba ba", ciki har da Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta sha ɗauri saboda NEPU tun zamanin En'e. Mutumin da ya yi shekaru yana adawa da NPC, jam'iyyar da ta mulki Arewa a Jamhuriya ta Farko, yana kuma kallon NPN a matsayin magajiyarta, ba sai an lallashe shi ba kafin ya dangwala wa mabuɗi idan ya ga zakara ba zai kai labari ba. A Kudancin Zariya kuma, inda NPP da UPN suka fi samun gindin zama, akwai daɗaɗɗen ƙorafi game da mulkin hakimai da ake turowa daga masarautar Zazzau da batun filaye. Ɗan takarar da ke cewa zai rage ƙarfin sarauta a kan talaka ya fi kusa da zuciyarsu, ko da ba jam'iyyarsu ɗaya ba. Sannan akwai lissafin lardi: Lawal Kaita Bakatsine ne, Balarabe kuwa ɗan Kaya ne a ƙasar Zazzau, ya kuma ɗauko mataimaki daga ɓangaren Katsina, Alhaji Abba Musa Rimi, don kada a bar wancan lardi fayau.

Kada a ɗauka rabuwar ta bi layin "'ya'yan sarauta can, talakawa nan" tsaf-tsaf. Dokta Yusufu Bala Usman, jikan Sarkin Katsina Dikko, yana cikin masu tsara tunanin gwamnatin PRP har ya zama sakatarenta. Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya zo ya zama shugaban ƙasa a 2007, ɗan PRP ne a lokacin da mahaifinsa, Matawallen Katsina, ke cikin jigogin NPN. Gida ɗaya ake cin tuwo, rumfa ɗaya ake zuwa, kowa da alamarsa.

Akwai kuma wani tarko da Balarabe ya tsallake wanda ba a cika ambata ba. Yawan ƙuri'a kaɗai ba ya ba mutum gwamna. Doka ta ce sai ya fi kowa ƙuri'a, sannan ya sami aƙalla rubu'in ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu bisa uku na ƙananan hukumomin jihar. Kashi biyu bisa uku na 14 tara ne da sulusi, irin lissafin da ya jawo shari'ar "sha biyu da biyu bisa uku" a zaɓen Shagari, wato kashi biyu bisa uku na jihohi 19, inda aka yi ta gardama kan ƙuri'un Kano har Kotun Ƙoli. Wanda ke son kwanciyar hankali a Kaduna sai ya nemi goma. Da a ce babu wanda ya cika sharaɗin, tsarin da aka shiga zaɓen da shi bai ce a koma wa jama'a ba, 'yan majalisa ne za su raba gardama tsakanin na ɗaya da na biyu. Majalisar da NPN ke da 64 a cikinta kuwa kowa ya san inda za ta faɗa. Don haka ƙuri'ar aro ta yi aiki biyu: ta ɗaga jimilla, ta kuma shimfiɗa ta a wuraren da PRP ita kaɗai ba za ta kai rubu'i ba.

To, an ci zaɓe. Amma Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Ranar 1 ga Oktoban 1979 aka rantsar da Balarabe, kuma bai ɓata lokaci ba ya soke haraji da jangali, kamar yadda takwaransa na PRP, Gwamna Alhaji Abubakar Rimi, ya yi a Kano. Wanda bai ga zamanin ba zai ɗauka batun 'yan kuɗi ne. Haraji kuɗin kai ne da ake ɗora wa kowane baligi namiji a shekara, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Jangali kuma a kan kowace saniya ake ƙirga shi. Hanyar karɓar ita ce asalin magana: mai unguwa ya rubuta sunaye, dagaci ya tara, hakimi ya karɓa ya kai baitulmali. Idan lokaci ya yi, magidanci ya sayar da hatsin da ya ajiye ko akuyar matarsa don ya sami 'yar takardar shaida da zai soke a aljihu, domin ana iya tare shi a hanyar kasuwa a ce ya nuna. Wanda ya gaza, ko ya sha zaman rana a ƙofar gidan dagaci, ko ya sulale cin rani kafin a zo kansa. Bafulatani kuma ya kora rabin garkensa daji ranar ƙirga. Wanda ke riƙe da littafin sunayen nan yana riƙe da wuyan kowa a garin, kuma da wannan igiyar aka daɗe ana jan mutane ranar zaɓe. Soke haraji ya tsinke ta. Talakawa sun yi murna, amma matakin ya taɓa ginshiƙin da NPN ta dogara a kai a karkara, ya kuma rage wa ƙananan hukumomi hanyar samun kuɗi. Da gwamnatin ta ƙara da binciken yadda aka raba filaye da gonaki, sai kowa ya ja daga.

Nan ne lissafin majalisa ya fara aiki. Lambobi uku ne ke mulki a majalisa mai kujera 99. Hamsin, rinjaye mai sauƙi, shi ke zartar da doka da kasafin kuɗi, shi ke amincewa da kwamishinoni. Sittin da shida, kashi biyu bisa uku, shi ke tsallake gwamna idan ya ƙi sa hannu a doka, shi ne kuma ke tsige shi. Talatin da huɗu, wato abin da gwamna ke buƙata a hannunsa domin kada a taɓa haɗa 66 a kansa. NPN ta wuce 50 da nisa tun ranar farko, saura mata biyu ta kai 66. Balarabe yana da 16 nasa na kansa. Idan an haɗa duk wanda ba NPN ba, 35 ne. Wato katangar da ke tsakaninsa da tsigewa kaurinta mutum biyu ne, kuma 19 daga cikin tubalanta ba nasa ba ne. Mai zaɓen GNPP ya ara masa ƙuri'a ranar 28 ga Yuli, amma ɗan majalisar GNPP bai yi masa alkawarin komai ba.

A gwada da Kano. PRP ta ci sama da kujera 120 daga cikin 138 a can, shi ya sa Abubakar Rimi ya yi irin waɗannan sauye-sauye, ya kuma shiga rigingimu masu zafi, amma ya kafa majalisar zartarwarsa ba tare da wahala ba.

Karon farko ya zo a kan kwamishinoni. Kundin tsarin mulki ya ba gwamna ikon zaɓar su, amma naɗin ba ya tabbata sai majalisa ta amince. NPN ta nemi a dama da ita, tunda ita ke da rinjaye. Balarabe ya ƙi sa 'yan NPN a jerin sunayensa, bisa hujjar cewa jama'a sun zaɓi manufar PRP ne, kuma ba za a aiwatar da ita da hannun waɗanda suka yi yaƙi da ita ba. Majalisa ta mayar da sunayen. Ya sake aikawa, ta sake mayarwa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Zuwa kotu bai warware ba, domin babu alƙalin da zai tilasta wa ɗan majalisa ya ce "na amince". Haka ya yi mulkinsa gaba ɗaya, wata ashirin da 'yan makonni, babu kwamishina ko ɗaya. Manyan sakatarori da ofishin sakataren gwamnati ne suka riƙe ma'aikatu.

A gaskiya majalisar ta yi amfani da ikon tantancewa ba a inda aka tanade shi ba. An ba ta ikon ne don ta duba cancantar mutum, ita kuwa ta mayar da shi abin ciniki. Amma shi ma gwamnan ya san akwai wata hanya, domin a gabansa aka bi ta a Legas, babban birnin tarayya na lokacin. Shagari ya hau mulki da sanata 36 cikin 95 da wakilai 168 cikin 449, bai da rinjaye, sai NPN ta ƙulla yarjejeniya da NPP, ta ba ta ministoci da kujerar kakakin Majalisar Wakilai. Balarabe ya ga irin wannan ciniki cin amanar waɗanda suka zaɓe shi ne, kuma akwai mutunci a wannan matsayi. Inda aka yi sakaci shi ne wajen 35 ɗin nan. Wanda ya ƙi sulhu da 64, dole ya riƙe sauran da hannu bibbiyu.

Rashin kwamishinoni ya haifar da wata matsalar ta doka. Kundin ya ɗauka cewa gwamna zai riƙa zama da mataimakinsa da kwamishinoninsa kan manufofi. Idan babu su, kowane mataki da ya ɗauka ana iya cewa shi kaɗai ya yanke, ya wuce gona da iri. Majalisar da ta hana shi kwamishinoni ita ce kuma za ta tuhume shi da yin aiki ba tare da su ba. Kasafin kuɗi ma haka: ita ke da wuƙa da nama a kan abin da za a kashe, duk kuɗin da ya fita ba bisa yadda ta tsara ba ya zama abin rubutawa a takardar tuhuma.

Sai kuma gida ya tsage. Gwamnoni tara na UPN, GNPP da PRP sun fara taruwa a kai a kai a matsayin masu ra'ayin ci gaba. Shugabancin PRP na ƙasa, ƙarƙashin Malam Aminu Kano da sakatarensa S. G. Ikoku, ya hana gwamnoninsa biyu halarta. Suka ƙi bin umarnin. A 1980 jam'iyyar ta rabu biyu: 'yan taɓo tare da Malam, 'yan santsi tare da Abubakar Rimi da Balarabe, ƙarƙashin tsohon shugaban ƙwadago Michael Imoudu. FEDECO ta amince da ɓangaren Malam. Ga gwamnan da ke da kujera sama da 120, wannan ciwo ne da za a iya jinya. Ga mai 16, karaya ce. Dokar da ta ce ɗan majalisa zai rasa kujerarsa idan ya sauya jam'iyya ta yi togaciya ga jam'iyyar da ta rabu, kuma tun asali ba ta hana mutum ya zauna a jam'iyyarsa ya ɗaga hannu tare da wata ba. Zuwa 1981, NPN ta sami cikon da take nema.

Sashe na 170 na kundin 1979 ya shimfiɗa matakan tsigewa dalla-dalla. Na farko, takardar zargin aikata babban laifi, da bayanin kowane zargi, ɗauke da sa hannun aƙalla sulusin 'yan majalisa, wato 33 a Kaduna, a miƙa wa kakaki. Cikin kwana bakwai kakaki ya ba gwamna da kowane ɗan majalisa kwafi, idan gwamna ya ba da amsa ita ma a raba. Cikin kwana 14 da miƙa takardar, majalisa ta kaɗa ƙuri'a, ba tare da muhawara ba, kan ko a bincika. Wannan na buƙatar kashi biyu bisa uku na dukan 'yan majalisa, ba na waɗanda suka halarta kawai ba. Idan ya wuce, a kafa kwamitin mutum bakwai masu mutunci, waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba, ba 'yan majalisa ba, ba 'yan wata jam'iyya ba. Gwamna na da damar kare kansa, da bakinsa ko ta lauya. Kwamiti ya kawo rahoto cikin wata uku. Idan ya ce zargi bai tabbata ba, magana ta mutu. Idan ya ce ya tabbata, cikin kwana 14 majalisa ta sake haɗa kashi biyu bisa uku ta karɓi rahoton, daga ranar gwamna ya sauka.

A takarda tsari ne mai shinge da yawa. A aikace rami uku ne a cikinsa. Na ɗaya, kakakin majalisa ne ke zaɓo mutum bakwai ɗin, majalisa ta amince da su. Kakakin Kaduna a lokacin, Alhaji Mamman Abubakar Ɗanmusa, ɗan NPN ne, saboda haka mai ƙara shi ne ke zaɓen masu bincike. Kwamitin da aka kafa, Canon H. O. Mohammed ne ya shugabance shi. Na biyu, ma'anar "babban laifi" ta haɗa da duk abin da majalisa a ganinta ta ɗauka babban laifi ne, wato ba sai an saci kuɗi ba, ba sai an karya dokar laifuka ba. Zarge-zargen da aka yi wa Balarabe sun fi karkata ga ɗaukar matakai da naɗe-naɗe da kashe kuɗi ba da yardar majalisa ba, ba wai ya zuba dukiyar jama'a a aljihunsa ba. Na uku, ƙaramin sashe na 10 ya ce babu kotun da za ta saurari ƙara kan abin da kwamiti ko majalisa suka yi a wannan lamari. Balarabe ya garzaya kotu, har Kotun Ɗaukaka Ƙara, amsar dai ita ce an ɗaure hannun alƙalai.

Idan aka cire kwanaki da takardu, abin da ya rage a Sashe na 170 shi ne lamba 66, sau biyu.

Bayan tsigewar, kujerar ba ta koma hannun NPN ba, domin mataimaki ne ke gado. Abba Musa Rimi ya hau, majalisa ta amince masa da kwamishinoni, ya ƙarasa wa'adin. Lawal Kaita ya jira har 1983. A wannan shekarar FEDECO, ƙarƙashin Mai Shari'a Ovie-Whiskey, ta juya jerin zaɓukan: shugaban ƙasa da farko, ranar 6 ga Agusta, gwamnoni ranar 13. Wannan ya toshe ainihin ƙofar da PRP ta bi a 1979. Babu sauran zaɓuka uku na gwaji da ƙananan jam'iyyu za su auna kansu su haɗa kai, sai guguwar wanda ya riga ya ci shugaban ƙasa. PRP kuma ta riga ta dare, Malam Aminu Kano ya rasu a watan Afrilun shekarar. Lawal Kaita ya ci, aka rantsar da shi ranar 1 ga Oktoba, sojoji suka kifar da Jamhuriya ta Biyu ranar 31 ga Disamba. Wata uku ya yi.

Masu rubuta kundin 1999 sun gyara ramin farko: a Sashe na 188, babban jojin jiha ne ke naɗa mutum bakwai ɗin, ba kakaki ba. Rami na uku kotu ce ta rage faɗinsa. Bayan an tsige Gwamna Rashidi Ladoja na Oyo a Janairun 2006, a zaman da wasu 'yan majalisa suka yi a otal a Ibadan, Kotun Ƙoli ta yanke a Disamban shekarar cewa katangar da ta hana kotu shiga ba ta aiki sai an bi matakan yadda aka rubuta su, ta mayar da shi kujerarsa. Peter Obi na Anambra, gwamnan APGA a gaban majalisar da PDP ta cika, an tsige shi a Nuwamban 2006, kotu ta dawo da shi a Fabrairun 2007. Rami na biyu kuwa yana nan yadda yake: har yau "babban laifi" ya haɗa da abin da majalisa ta ga dama ta kira haka, kuma sharaɗin kashi biyu bisa uku na dukan 'yan majalisa bai canza ba.